Waiwaye Kan Gwarancin Yara: Daga Bukkar Fir'auna Zuwa Tsakar Gida

Tsakanin ranar suna da ranar yaye, ɗan Adam yakan yi wani aiki da ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Da kuka kaɗai yake zuwa duniya. Wajen wata 6 ko 7 sai a ji ya fara "ba-ba-ba" da "da-da-da", daf da cika shekara kalmar farko ta faɗo, kuma kafin a cire shi daga nono sau da yawa ya iya haɗa kalma biyu ya kai ƙarar yayarsa wajen kaka. Da yake kowane gida ya ga haka, abin ba ya ba mu mamaki. Amma daga ina maganar take fitowa? Da ita aka haife shi, ko kuwa a bakin mutane yake tsintarta? Tambayar nan ta fi shekara 2,000 tana cin mutane a rai, kuma farkon hanyar da aka bi don amsa ta babu daɗin ji.

Herodotus, marubucin tarihin nan na Girka, shi ya kawo labari mafi tsufa. Ya ce a birnin Memphis na Masar aka ba shi labarin Fir'auna Psamtik na Ɗaya, wanda ya hau mulki a shekara ta 664 kafin miladiyya. Fir'aunan yana so ya san wace al'umma ce ta riga kowa zuwa duniya, sai ya sa aka karɓo jarirai biyu daga gidajen talakawa aka danƙa wa wani makiyayi. Sharaɗin shi ne ya ajiye su a bukka su kaɗai, ya riƙa shigar musu da awaki suna shan nono, kada mahaluƙi ya furta kalma a gabansu. Bayan shekara 2, wai ya buɗe ƙofa sai yaran suka miƙo hannu suna cewa "bekos". Da aka bincika aka ce ai sunan gurasa ne a harshen mutanen Firijiya, a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, Fir'auna kuwa ya sallama cewa sun girmi Misirawa. Masu sharhi na baya sun lura cewa sautin ya yi kama da kukan akuya, abin da yaran suka yi ta ji ke nan tun suna cikin tsumma.

An jingina irin wannan aiki ga wasu sarakunan ma. Wani malamin Kirista mai suna Salimbene, mai tsananin adawa da Sarki Frederick na Biyu na ƙarni na 13, ya rubuta cewa sarkin ya umarci masu reno su shayar da jarirai su yi musu wanka, amma kada su yi musu wasa ko magana, don ya ji ko Ibrananci za su fara yi, ko Girkanci, ko Latin, ko Larabci. Ya ce duk yaran mutuwa suka yi. Na Sarki Akbar na Indiya ne ya fi ƙarfin shaida, domin marubutan fadarsa ne suka rubuta shi. Shi Akbar ya riga ya gamsu cewa ta kunne ake samun magana. Don ya kafa wa masu musu hujja sai ya sa aka killace jarirai a wani gida, tare da masu reno da aka hana su buɗe baki. Da ya je duba su a 1582, bayan kimanin shekara 4, babu wanda ya iya furta kalma. Sunan da ya bi gidan ke nan, gidan bebaye.

Ko da an yi ƙari a wasu daga cikin labaran nan, tunanin da ya haife su ɗaya ne: a raba yaro da mutane a ga abin da zai rage. Akbar ya yi gaskiya a da'awarsa, amma da harsunan 'ya'yan mutane ya sayi hujjar, kuma ban ga ilimin da ya kai a yi wannan zalunci dominsa ba. Abin da ya fi ciwo, ba a ma bukatar gwajin.

Larabawan Makka sun san amsar ƙarnoni kafin Akbar. Shi ya sa suke ba da jariransu ga matan ƙauye a tafi da su sahara, su sha iska mai kyau su kuma tashi da Larabci tsantsa, kamar yadda aka kai Manzon Allah (SAW) wajen Halimatus Sa'adiyya a cikin Banu Sa'ad. Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, ya lura cewa "m" da "b" su ne baƙaƙen da suka fi saurin zama a bakin yara, domin leɓɓa kawai suke bukata, harshe bai shiga aikin ba, kuma dalilin da ya sa ake jin mama da baba ke nan. Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya bayyana iya harshe da cewa sabo ne da ke kafuwa ta yawan ji da maimaitawa: yaro ya fara jin kalmomi ɗaiɗai, sannan ya ji yadda ake jera su, har abin ya zame masa jiki. Dukkansu daga zama da mutane suka samo abin da suka faɗa. Abin da ya rage shi ne wani ya ɗauki alƙalami ya bi yaro guda, yau da gobe, yana rubuta abin da ya ji da kwanan watansa.

Wani malamin falsafa Bajamushe, Dietrich Tiedemann, ya yi haka da ɗansa ya wallafa a 1787, amma aikin bai samu mabiya da wuri ba. A ƙarshen Disamban 1839 aka haifa wa Charles Darwin ɗansa na fari, shi ma ya buɗe masa littafi tun kwanakin farko. Ya ajiye rubutun shekara 37 bai fitar ba, sai a 1877 da ya karanta abin da Bafaranshe Hippolyte Taine ya rubuta a kan 'yarsa, sannan ya tura nasa ga mujallar Mind. A ciki ya ce yaron yana wata 5 da rabi ya fara furta "da" ba tare da wata ma'ana ba. A wata 7 ya san sunan mai renonsa, in an ambata sai ya waiga nemanta. Da ya cika shekara sai ya ƙirƙiro kalmarsa ta kansa, "mum", yana nufin abinci, daga baya ya riƙa liƙa mata wani gutsure a gaba don ya bambanta sukari da sauran abin ci. Abu biyu Darwin ya kama a nan da har yau suna nan daram. Fahimta tana riga furuci da watanni, kuma yaro ba kwaikwayo kaɗai yake yi ba, yana gina abin da bai taɓa ji a bakin kowa ba.

Daga nan Jamusawa suka riƙe abin hannu bibbiyu. Wilhelm Preyer na Jena yana duba ɗansa safe da rana da yamma har shekara 3, ya fitar da littafi a 1882. Sai Clara da William Stern a Breslau, waɗanda suka fara rubutu a 1900 da haihuwar 'yarsu ta fari, suka ci gaba har shekara 18 a kan 'ya'yansu 3, dubban shafuka da hannu. Littafinsu na 1907 a kan harshen yara shi ne tushen fannin. Ya kamata a faɗa cewa Clara ce ta yi mafi yawan rubutun. Mijin ne malamin jami'a, amma ita ce ke gida lokacin da ake faɗin abubuwan, wajen wanka da cin abinci da rigimar barci. Kusan duk abin da aka sani game da maganar yara a wancan zamani daga irin waɗannan sa'o'i ya fito, waɗanda ba a ɗauke su a bakin komai ba.

Irin wannan rubutu ne kuma ya fara taɓa batun yaro mai harshe biyu. Jules Ronjat, Bafaranshe mai mata Bajamushiya, ya riƙe Faransanci da ɗansu, uwar ta riƙe Jamusanci, kuma a 1913 ya ba da rahoton cewa yaron ya tashi da duka biyun bai ruɗe ba. Werner Leopold a Amurka ya zarce shi, mujalladi 4 tsakanin 1939 da 1949, yawanci a kan 'yarsa Hildegard, yana mata Jamusanci uwarta na mata Ingilishi. Shi ya rubuta wani abu da ke tayar wa iyaye hankali har gobe: yarinyar ta furta wata kalmar Ingilishi tsaf tun kafin ta cika shekara, bayan watanni kuma sai furucin ya lalace, ya koma irin na sauran kalmominta. Ba baya ta ci ba. Da farko sautin ta haddace dunƙule, daga baya ta fara gina tsarin furucinta, ta jawo kalmar cikinsa. Duk da waɗannan shaidu, malamai da likitoci a Turai da Amurka sun ci gaba da gargaɗin iyaye cewa harshe biyu na dagula ƙwaƙwalwa, har sai da binciken Elizabeth Peal da Wallace Lambert a Montreal ya fara juya ra'ayi a 1962. Wanda ya tashi a Maiduguri, ko Agadas, ko zangon Kumasi, inda yaro ke kwana da harshe ɗaya ya yi wasa da wani, bai taɓa bukatar a gaya masa wannan ba.

Sai dai rubutun iyaye yana da rauninsa. Uba yakan ji abin da yake so ya ji, yakan rubuta abin burgewa ya bar na kullum, kuma hannu ba ya cim ma baki. Rikoda ce ta magance wannan, ta kuma zo daidai lokacin da gardama ta yi zafi. A 1957 B. F. Skinner na Harvard ya wallafa littafi yana cewa ta sakamako ake koyon magana: yaro ya furta abin da ya yi kama da kalma, a yi masa murmushi ko a ba shi abin da ya nema, sai ya ƙara. A 1959 Noam Chomsky ya yi wa littafin raddi mai zafi. Hujjarsa ita ce yara na faɗin jimlolin da ba su taɓa ji ba, suna kuma kama ƙa'idoji masu sarƙaƙiya cikin ɗan lokaci, don haka dole akwai wani shiri da aka haife su da shi. Tambayar Fir'auna ce ta dawo, sai dai wannan karo a gidajen iyayensu aka je aka saurari yaran.

Jean Berko ta yi gwaji mai sauƙi a 1958. Ta zana wani ɗan tsuntsu ta sa masa sunan da babu shi a Ingilishi, "wug", ta nuna wa 'yan shekara 4 zuwa 7, sannan ta nuna musu guda biyu ta bar su su ƙarasa. Yawancinsu suka yi wa kalmar jam'i daidai da ƙa'idar harshensu, alhali ba su taɓa jinta ba balle a ce hadda ce. A 1962 kuma Roger Brown da ɗalibansa suka fara zirga-zirga gidajen wasu yara da suka sakaya sunayensu da Adam da Eve, daga baya suka ƙara da Sarah, suna ɗaukar hirarsu da iyayensu mata suna kwafe kowace kalma. Littafin da ya fito a 1973 ya nuna cewa ba gudu ɗaya yaran suke yi ba. Eve tana shekara 2 da 'yan watanni ta kai inda sauran biyun ba su kai ba sai da suka haura shekara 3. Amma ƙananan ƙa'idojin nahawu 14 da aka bi diddiginsu, kusan a jere ɗaya suka shigo bakin dukkansu. Brown ya kuma gano cewa iyaye ba su cika gyara nahawun yaro ba, gaskiyar maganar suke gyarawa. In ya kira akuya kare za a ce a'a, in kuwa ya karya jimla amma abin da ya faɗa haka yake, sai a ce ƙwarai.

A 1962 ɗin dai Ruth Weir ta Jami'ar Stanford ta fitar da aikin da ya fi taɓa ni a cikinsu duka. Ta ajiye makirfo kusa da gadon ɗanta mai shekara 2 da rabi, ta ɗauki abin da yake faɗa shi kaɗai bayan an kashe fitila. Sai ga yaro yana bita. Ya ɗauki jimla ya cire kalma ya sa wata, ya sake cirewa ya sa wata, yana wasa da sautuka masu kama da juna har barci ya ɗauke shi. Ba mai saurare, ba mai ba shi lada. Duk uwar da ta taɓa jin ɗanta na surutu shi kaɗai a kan tabarma ta ji irin wannan bita, ko da ta ɗauka shirme ne.

Daga 1970 aka gangara zuwa watannin da babu kalma ko ɗaya. Peter Eimas a 1971 ya haɗa robar tsotso da na'ura: jariri ya ji sabon sauti sai ya ƙara tsotso, in ya gaji da shi ya sassauta. Da haka aka gane cewa ɗan wata 1 yana bambanta "ba" da "pa". A 1980 aka nuna cewa jaririn da bai wuce kwana 3 ba ya fi son muryar uwarsa a kan ta wata mace, alamar cewa tun a ciki aka fara sauraro. Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka zo da abin da ba a zata ba a 1984. 'Ya'yan masu Ingilishi 'yan wata 6 zuwa 8 suna jin bambancin wasu baƙaƙen Hindi da iyayensu ba sa ji, amma zuwa wata 10 ko 12 yawancinsu sun daina, domin kunnen ya tattara hankalinsa a kan harshen gida. Dalilin da ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma yake shan wahala da "ƙ" da "ɗ" da "ts" ke nan, ɗan goyo kuwa a bayan uwarsa yake tsintar su. A 1991 Laura Petitto ta nuna cewa kuramen jarirai da iyayensu ke maganar hannu suna yin gwaranci da yatsu, a daidai watannin da masu ji ke yi da baki.

Sai aka zo kan ƙidaya, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mu natsu. Betty Hart da Todd Risley sun bi iyalai 42 a yankin Kansas na Amurka, awa 1 kowane wata har shekara 2 da rabi. A 1995 suka ba da rahoton cewa ɗan ma'aikata masu ilimi yana jin kalma sama da 2,000 a awa, ɗan gidan da ke dogaro da tallafin gwamnati kuwa wajen 600. Suka ninka wannan har zuwa shekara 4, suka fitar da giɓin kalma miliyan 30. Adadin ya karaɗe duniya, aka kafa shirye-shirye a kansa, aka riƙa auna iyaye da shi kamar ana auna hatsi da mudu. Akwai alheri a ciki, domin ya sa an daina ɗaukar hira da jariri a matsayin wasa. Amma iyalai 6 ne kacal a rukunin matalautan, kuma baƙo ne zaune da rikoda a ɗakinsu. Binciken da Douglas Sperry da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya nuna cewa in aka ƙirga duk masu yi wa yaro magana, da duk abin da ake faɗa a kusa da shi, lissafin yakan juye, har wasu gidajen talakawa su wuce na masu hali.

Masana al'adu sun riga sun hango wannan. Bambi Schieffelin ta zauna da mutanen Kaluli a Papua New Guinea a shekarun 1970. Uwa a can ba ta zama ta zuba wa jariri ido tana masa hira, domin a ganinsu bai fahimci komai ba tukuna. Juya fuskarsa take yi ga jama'a ta yi magana a madadinsa. Sai ya iya kiran uwa da nono ake cewa ya fara magana, daga nan ta riƙa ba shi jimla tana cewa ya maimaita wa wani. A ƙauyukan Tseltal na Meziko an auna an ga maganar da ake yi wa ƙaramin yaro kai tsaye 'yan mintoci ce a awa. Duk da haka binciken Marisa Casillas na 2020 ya tarar yaran suna fara gwaranci da kalmar farko da haɗa kalmomi a lokacin da takwarorinsu na Amurka ke yi.

A ɗora wannan a kan gidan Bahaushe na gargajiya. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma da an yaye shi kaka ke ɗauka. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin wannan al'ada a littafin da ya fito a 1954. Da za a shigo da ma'aunin Kansas a ƙirga kalmomin uwa kaɗai, da an rubuta ɗan fari a cikin waɗanda aka yi wa rowar magana. Alhali tun safe yana bayan 'yar goyo, yana tsakar gida inda ake daka ana hira, kaka na masa wasan miji, goggo na masa kirari, yayye na tsokanarsa ya ce kaza su yi dariya, da dare kuma ga tatsuniya. Ba ina cewa yi wa yaro magana kai tsaye ba shi da amfani ba ne. Binciken baya-bayan nan ya fi ba da ƙarfi ga musayar magana, wato yaro ya yi sauti a amsa masa, ya nuna abu a faɗa masa sunansa, fiye da yawan kalmomin da aka zuba. Abin da nake cewa shi ne ba lalle sai uwa ce za ta amsa ba, kuma gidan yawa ya daɗe da tanadar masu amsawa. Damuwata tana kan gidan da ya rabu da wannan taron, mata da miji da yaro a ciki da falo a birni, kowa ya fita nema, ba a kuma maye gurbin kaka da komai ba sai waya.

Game da waya akwai shaida. A 2003 Patricia Kuhl a Seattle ta kawo 'yan wata 9 daga gidajen masu Ingilishi, aka yi musu zama 12 da masu jin Sinanci suna musu wasa da karatu. Bayan nan suna bambanta sautukan Sinanci kamar jariran Taiwan. Wani rukunin aka nuna masa mutanen nan dai a bidiyo, abu ɗaya suke faɗa, amma bai koyi komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban talabijin ko waya, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Wani amfanin wannan dogon sauraro shi ne an gane cewa yara lafiyayyu ma suna da tazara mai faɗi a tsakaninsu. Da aka tattara rahoton iyayen yara kusan 1,800 a Amurka a 1994, an ga 'yan wata 16 da ba su wuce kalma 10 ba, an ga masu sama da 150. Gwada ɗanka da na maƙwabta ba ya haifar da komai sai zullumi, da rarrafe yaro kan tashi. Sai dai akwai iyaka. Masana sukan sa ido a kan yaron da ya cika shekara 2 bai kai kalma 50 ba, ko bai fara haɗa biyu ba. Da yawansu sukan kamo sauran da kansu, amma ba duka ba, kuma abu na farko da ake dubawa shi ne kunne. A ƙasashenmu, inda sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa ke kurmantar da yara, "ƙyale shi, babansa ma bai yi magana da wuri ba" tana iya cinye shekarun da aka fi bukata. Yaron da ba ya waigowa in an kira shi ta baya, ko wanda ya fara gwaranci ya daina, asibiti ya kamata a kai shi. In kuma ta tabbata kurma ne, harshe bai kuɓuce masa ba muddin an haɗa shi da masu maganar hannu da wuri. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa a 2000.

Saura batun su wa aka saurara. A 2022 Evan Kidd da Rowena Garcia suka duba abin da manyan mujallu 4 na wannan fanni suka wallafa cikin shekara 45. Harsuna 103 ne kawai suka bayyana daga cikin sama da 7,000 na duniya, kuma fiye da rabin maƙalun a kan Ingilishi ne. In aka leƙa waje kuwa, sau da yawa abin da aka ɗauka doka ce ta kowa sai ya girgiza. An daɗe ana cewa jimlar da ake gabatar da wanda aka yi wa aiki a jinkirta wanda ya yi, sai yaro ya girma yake iya ta, domin haka abin yake a Ingilishi. Katherine Demuth ta ɗauki muryoyin yara a wani ƙauye a Lesotho a farkon shekarun 1980, ta tarar masu Sesotho suna amfani da ita kafin su cika shekara 3.

Hausa na da abubuwan da za su gwada kowace irin doka. Jam'inta ba hanya ɗaya yake bi ba: gida gidaje, yaro yara, akuya awaki, hula huluna. Wanne ne yaro ke fara kamawa, wanne kuma yake ɗora wa kalmomin da ba nasa ba? Akwai karin sauti da tsawon wasali da ke raba kalma da kalma. Akwai "ka" da "ki", "ya" da "ta", waɗanda dole ya zaɓa tun a jimlolinsa na farko. Muna jin yara na cewa "yuwa" kafin su iya "ruwa", mu yi dariya mu wuce, ba mu rubuta a wane wata "r" ke zama ba, balle wacce daga cikin "r" biyun da muke da su ce ke riga 'yar'uwarta. Abin da aka tattara a kan wannan kaɗan ne ƙwarai in aka dubi yawan masu harshen, kuma ma'aikacin lafiya a Kano ko Damagaram da ke son auna maganar yaro sau da yawa ma'aunin wata nahiya yake samu a hannu.

A Kenya an riga an gwada mafita. Katie Alcock da abokan aikinta sun gina jerin kalmomin yara da Swahili da Giryama, kuma da yake iyaye mata da yawa a ƙauyukan gaɓar teku ba sa karatu, sai aka mayar da shi hira, ma'aikaci na tambaya uwa na amsawa. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna cewa amsoshin iyayen sun yi daidai da abin da aka ji yaran na faɗa. Irin wannan aiki a Hausa ba ya cin kuɗi mai yawa. Yana bukatar sashen harsuna na jami'a guda da zai ɗauki nauyi, da gidaje kaɗan a birni da ƙauye da za su yarda a ajiye waya tana ɗaukar sauti awa 1 a wata, da ɗalibai masu haƙurin zama su kwafe abin da ɗan shekara 2 ya faɗa da abin da aka amsa masa, su kuma rubuta wa ya amsa.